Hucin Sifikar Dalhatu

Duk mai rediyon kaset ya san ɗan hucin nan da sifika ke yi idan kaset ya ƙare ba a kashe ba. Masu gyara suna cewa waya ce ko wuta, kuma galibi gaskiyarsu ce. Amma ni har yau in na ji shi sai tsikar jikina ta tashi, don na yi maƙwabtaka da Dalhatu a Aliero, shekarun da aka ba mu jihar Kebbi.

Dalhatu ɗan kamashon albasa ne, ba mai kuɗi ba, ba kuma mayunwaci ba. Yana zaune da matarsa Murjanatu, da ƙanensa Nuraddeen mai gyaran rediyo, da 'yarsa tilo Zinatu, wadda yake so kamar ransa. Ciwonsa ɗaya ne: ya yini yana tsaye kan lodin buhunan wasu, motoci su tashi zuwa Kudu, shi a sallame shi da na goro. Da sa'o'insa suka fara gina gidajen siminti sai zuciya ta ci shi. Wani direba a tashar Jega ne ya kwatanta masa Gado, boka, a wata tunga, ɗan ƙauye can bayan Maiyama.

Da rana tsaka ya isa. Bukka ce guda a gindin tsohuwar tsamiya, ba kaza, ba akuya, ko kukan tsuntsu babu. A ciki tukwane ne a kife, jini ya bushe a kansu har ya yi baƙi. Ƙahonin dabbobi na rataye a jinka, kowanne an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, wuri ya cika da ƙarni da ƙaurin gashi. Gado na zaune kan buzu, kunnuwansa duka biyu a toshe da kakin zuma. Bakin mutum yake kallo ya gane magana.

"Arziki kaka so, ko rufin asiri?" in ji Gado. "Rufin asiri kam kana da shi."

"Arziki nika so, baba. Wanda za a gani."

Dalhatu ya yi tayin rago, ya ƙara da sa, tsohon ya ce shi ba ya karɓar komai. Ya sauko da wani ɗan ƙaramin ƙaho, ya zuba masa toka da jinin baƙin zakara, ya sa Dalhatu ya hura numfashinsa a ciki, ya kuma ambaci sunan duk wanda ke kwana a gidansa. Dalhatu ya jero su ukun da sauri, wai shi a tunaninsa rabon albarka ake yi. Gado ya liƙe bakin ƙahon da kaki.

"Ka aje shi cikin gidanka, wuri mai duhu inda murya ka hitowa. Shina numfashi. Kai ba ka jin shi har abada."

"To wa ka jin shi?"

"Wanda anka kira."

Dalhatu ya so ƙara tambaya, amma Gado ya rufe ido. Mai kaki a kunne kuwa in ya rufe ido, magana ta ƙare.

A kasuwar Jega Dalhatu ya tsaya ya sayi rediyon kaset mai manyan sifiku biyu, ya kwance bayan ɗaya ya ɓoye ƙahon. A shekarar nan albasa ta ruɓe a rumbunan mutane, 'yar tasa kuwa ko ɗaya ba ta yi ruwa ba. Daga nan duk abin da ya taɓa sai ya ninka. Kafin a ankara motocin da ke tashi Kudu nasa ne, gidan ƙasa ya koma bene, waɗanda ke ba shi na goro suka dawo suna durƙusa masa.

Nuraddeen ne ya fara ji. Ya kara kunne a jikin sifikar ya ce tana huci, kuma abin kunya ne a ce gidan mai gyara ne. Ya canza waya, ya zare ta daga wuta, ya cire batir, huci na nan. Ya kira ni in saurara, wallahi ban ji komai ba. Bayan haka ya ce abin na bin sa har shago. Ya daina ci, ya rame ya zama ƙashi da fata, muka binne shi kafin kaka. Masu wanka da ƙyar suka ɓamɓare hannayensa daga kunnuwansa.

Murjanatu ita daga tsakar gida ta jiyo, tana shara. Ba ta mutu ba, amma da ta mutu da ya fi mata sauƙi. Ta cusa auduga a kunne, ta riƙa buga faranti da murfin tukunya tana dariya, har dai aka kulle ta a ɗaki.

Sai a lokacin Dalhatu ya koma tunga. Gado ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: hucin na ƙara ƙarfi duk sa'ad da ya ci mutum, kuma sunan Zinatu ne ya rage. In ya fitar da ita daga gidan, ƙahon ya daina aiki.

"Ka maido shi yanzu, ɗiyarka ta tsira," in ji shi. "Amma dut abin da yak kawo shina biyo shi, har takalmin ƙahwarka."

"Babu wata hanya, baba?"

"Ba shi kamun wanda bai jiya ba. Iyakar abin da nis sani ke nan."

Nan ne wurin da na kasa yafe wa Dalhatu. An buɗe masa ƙofa, ya tsaya yana tuna rumbunansa da suke cike, ga albasa na shirin tsada. Ya ce wa ransa bari wannan ciniki ya wuce, sannan ya mayar. Kafin nan kuwa ya samo dabara, a ganinsa: tunda sai an ji ake kamuwa, to ba za a ji ba.

Ya sayo janareta da batirin mota, ya ƙure muryar rediyo. Kiɗa safe, kiɗa rana, kaset na ƙarewa yana juya shi. Mutumin da ke da motoci a hanya ya koma mai gadin rediyo, ko wanka a guje yake yi. Mu maƙwabta mun sha azaba. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ko ana kiran salla ba ya kashewa, a garin da ɗan tireda ma ke rage rediyonsa in ladan ya ɗaga murya. Dattawa suka je masa, ya ce gidansa ne. Zinatu, 'yar shekara sha huɗu mai kunya da son karatu, ta daina ɗaga kai a Islamiyya. Ta roƙe shi da hawaye, ya ce kada ta kuskura ta taɓa rediyon, bai kuma iya gaya mata dalili ba.

Wata la'asar barci ya sace shi a zaune. Ladan ya fara kira. Zinatu ta fito daga alwala, ta leƙa ta ga ubanta ya gyangyaɗe, idanu sun zurma, kalangun rediyo na dukan kansa. Tausayinsa ya kama ta. Ta shiga a hankali ta danna maɓalli.

Shirun ne ya tashe shi.

"Ana kiran salla, Baba, shi as sa nik kashe. Ka samu ka huta." Sai ta karkata kai. "Amma abin ga bai mutu ba. Kamar mutum na huci ciki. Ba ka jiya ba?"

Dalhatu ya fasa bayan sifikar da taɓarya, ya zaro ƙahon, ya ja mota kamar mahaukaci. A tunga ya zube gaban Gado, ya ce a kwashe komai, in ma rai ake so ga nasa. Tsohon ya karɓi ƙahon ya rataye cikin 'yan'uwansa, ya ce wanda aka kira an riga an kira shi, shi Dalhatu kuwa tun farko an gaya masa ba zai ji ba.

Dukiyar ta bi ƙahon kamar yadda aka faɗa. Rumbuna suka narke suka koma ruwa mai wari, motoci suka ƙare a rami. Zinatu ba ta daɗe ba. Har ƙarshe ba ta yi ihu ba, haƙuri kawai take ba shi don ta saɓa maganarsa. Ranar jana'izarta unguwa ta yi tsit, muka ji ladan tar, amma ba wanda ya yi murna.

Daga baya an riƙa ganin Dalhatu a kasuwar Jega, ba takalmi, rungume da fasasshiyar sifika ya manna mata kunne. Yana bin mutane yana roƙon su yi shiru don Allah, ko shi ma zai ji, a kira shi ya je ya sami 'yarsa.

Kai da ke kallon benen wani kana cizon yatsa, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba daga aljihunka yake ɗauka ba. Ka dubi waɗanda ke kwana a gidanka, ka tambayi kanka wanne ne za ka iya ambatar sunansa.