Shaidar Mama Faukiyya

"Ki sake dubawa," na ce da matar da ke bayan gilashi. "Rihab Abdulmun'im. Takardar sakina nake so."

"Na duba, 'yar'uwa. Aure ne kawai a rubuce, babu saki."

"Babu saki kamar yaya? Ni fa aka saka, da kunnena na ji!"

Ta ɗaga kafaɗa, ta kira na bayana. Na fito daga ofishin rajista cike da takaici. Shekara uku! Ashe mijina Isam da ya furta saki a kan kifin da na soya, ya ɗauki jaka ya tafi Kuwait, ko ƙofar ma'azun mai rubuta aure da saki bai taka ba.

Midhat, mai neman aurena, na jirana a waje, garin katako a gashinsa kamar kullum. Kafintan birninmu Dumyat ko wanka bakwai ya yi sai ka gane shi.

"Ina takardar, amaryata?"

"Amaryar wa? A wurin gwamnati matar Isam ce a gabanka, ka matsa baya."

Dariya ya fara, da ya dubi idona ya haɗiye ta.

"Rihab... da gaske?"

"Na yi kama da mai wasa?"

Ya ce, "Gadon da nake sassaƙa mana bai ƙare ba ma. Zan jira, hasken idona."

"Kai ka jira. Ni ba jira zan yi ba, kotu za ni!"

Lauyar da na samu, Ustaza Nahid, ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce hanya mai sauƙi ita ce in nemi kul'i, in ce ni matarsa ce na gaji da auren, alƙali ya raba mu.

"In tsaya gaban alƙali in ce ni matarsa ce? Mutumin da ya sake ni? Wallahi ba zan yi wannan ƙaryar ba."

"To sai ƙarar tabbatar da saki. In ya musanta, sai shaidu: maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu."

Ya kuwa musanta. Da labarin Midhat ya isa Kuwait, Isam ya aiko ta bakin lauyansa wai shi bai taɓa sakina ba, yaji na yi. Ka ji mutum! Bai so ni ba, kuma kada wani ya so ni.

Mutum uku ne suka ji sakin nan. Baba Sabri mai guga da ya hawo da kayanmu, ya ce ko a kan keke za a kai shi zai je. Inna Karima maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa rasa rigimar gidan kowa ba, ta ce tun yaushe take jiran a tambaye ta. Ta ukun ita ce Mama Faukiyya, mahaifiyar Isam.

A nan matsalar take.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Mama Faukiyya ce ta koya min dafa miyar molokiya, ita ta zauna a kaina lokacin da na yi ɓari. Bayan sakin ma ban daina zuwa ba. Duk Juma'a sai na hau benenta in wanke mata kai in taje, don hannunta ba ya ɗaguwa sama.

Ranar Juma'a na zaunar da ita a tsakanin gwiwoyina, na shafa mai, na fara tajewa.

"Mama..."

"Na sani. Ya kira ni."

"Me ya ce?"

"Ya ce in na taka kotu, in manta na haifi ɗa. Ko gawata ba zai zo ya ɗauka ba."

"Mama, ke kin ji abin da ya faɗa ranar. Har kika jefe shi da cokali!"

"Na ji."

"To?"

Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "To me, Rihab? In je in tozarta ɗana a gaban alƙali, don in miƙa ki ga wani? In rasa shi, in rasa ki? In kin yi aure, wa zai hawo benen nan?"

"Ni zan hawo!"

"Haka ake cewa."

Ta zare matajin daga hannuna a hankali, ta ce in je, kanta na ciwo. Na sauko ina kuka kamar yarinya. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, amma tausayinta ya fi yawa.

Midhat ya ce, "Bari in je in roƙe ta."

"Kada ka kuskura! Ba za a matsa wa tsohuwa ta zaɓa tsakanina da ɗanta ba."

Bai roƙe ta ba. Amma daga baya Inna Karima ta kawo min gulma: wai an ga Midhat da guduma a benen, yana kafa katakon dafawa tun daga ƙasa har ƙofar Mama. Da Mama ta leƙo ta ce wa ya aiko shi, sai ya ce, "Babu kowa, Hajja. Rihab ta ce gwiwarki na damunki." Ya tattara kusoshinsa ya tafi, ko shayi bai sha ba.

Ranar zama a kotun iyali na sa rigata mai ruwan zuma, na ɗaga kai. Baba Sabri ya ba da shaida. Inna Karima ta ba da tata har da ƙari, sai da alƙali ya ce, "Ya isa, Hajja, ba a tambaye ki irin kifin ba."

Lauyan Isam ya miƙe yana murmushi. "Namiji ɗaya da mace ɗaya, ranka ya daɗe. Shaida ba ta cika ba."

"Ta cika, ɗan nan. Ka zauna."

Na san muryar kafin in waiwaya. Mama Faukiyya ce a bakin ƙofa cikin baƙar abayarta, tana haki, gyalenta a karkace.

Alƙali ya tambaye ta dangantakarta da wanda ake ƙara.

"Ni na haife shi."

"Kin san a kan ɗanki za ki yi shaida?"

"Na sani. A gabana ya ce mata, 'Na sake ki,' yana cikin hankalinsa. Ya tafi bai waiwayo ba, bai mayar da ita ba." Ta gyara gyalenta. "Ina son ɗana, ranka ya daɗe... amma ba zan tsaya gaban Allah da wannan a bakina ba."

Alƙali ya rubuta, ya sa ranar hukunci. Ustaza Nahid ta matse hannuna ta raɗa min, "Mun gama. Ki fara ɗinkin biki."

A matakalar kotu na rungume Mama.

"Mama, Isam fa?"

"Ya kashe wayarsa tun jiya." Ta share ido da bakin gyale. "Ni na haife shi, in ya ga dama ya dawo. Ina kafintan?"

Midhat ya matso, ya sunkuya ya sumbaci hannunta.

"Kai ne mai kafa wa mutane katako ba a sa ka ba? Da shi na sauko yau, ka sani. Idan takarda ta fito, gidana za ka zo neman aure. Yarinyar nan ba ta da uwa sai ni."

"Da izinin Allah, Hajja."

"Ka ce Mama!"

"Mama."

Ta buɗe jakarta ta ciro matajin, ta danƙa min a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da nata.

"Juma'a ki zo da wuri, 'yata. Tun da kika tafi ba wanda ya taɓa min kai."