Asalin Waccan

Ranar kasuwar Tambuwal ce wata budurwa ta ajiye waya mai fasasshen gilashi a kan teburin Nasiruddeen, mai gyaran waya a bakin tasha.

"Injiniya, a canza min gilashi, amma kar a taɓa abin da ke ciki."

Ya canza. Da ya kunna don gwaji sai wasan Rijiya Bakwai ya buɗe. Wasan kati ne na waya da wasu matasa suka ƙirƙira da Hausa, babu caca a cikinsa. Kowane kati mutum ne ko aljani mai labarinsa, kana tara naka ka kara da wani. Nasiruddeen ya ga sunan da take wasa da shi, ya ɗago kai.

"Ke ta 'Yar Fakku? Ke ta kinka cinye ni sau fuɗu satin ga?"

Ta yi murmushi, ƙaramar tawadar Allah da ke ƙarƙashin idonta na hagu ta motsa. "Sau biyar. Guda kashe data kay yi da kag ga za ka faɗi."

Sunanta Rauda, mai zanen lalle ce a Kebbe. Kafin motarsu ta cika ya karɓi lambarta, da hujjar ko gilashin zai ba da matsala.

Da yamma ya rubuta mata: "Abokiyar gabata, kin isa lafiya? Hanyar Kebbe ba ta girgiza gilashin ba?"

"Gilashi lafiya lau. Mai gilashin ce ta bar wani abu a teburinka, ka duba."

"Na duba, ban ga komai ba."

"To ba ka iya dubawa ba, Injiniya."

Wata biyar suna haka. Duk ranar Juma'a yana hawa babur ya je Kebbe zance, ta fito da furarsa a kwanon sha, su zauna a dakalin ƙofar gida suna gardamar wane kati ya fi wane. Da ya tabbatar ba shi da sauran shakka, ya sami Baffa Attahiru, ƙanin mahaifinsa da ke riƙe da su tun rasuwar uban. Baffa ya ce ya ji, zai je Kebbe ya yi binciken asali kamar yadda aka saba.

A makon nan ne aka fitar da sabon kati. Masu wasan sun yi gasar zane a tsakanin mabiyansu, suka ɓoye sunan wanda ya ci. Mace ce a tsaye a bakin rijiya, ta juya rabin fuska, da ɗigon baƙi ƙarƙashin ido. Inda ake rubuta sunan kati, kalma ɗaya aka sa: Waccan. A ƙasa kuma layi biyu: "Wadda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Wata ta goye ni, nesa da gida."

Guruf ɗin 'yan wasan, mai mutum sama da ɗari takwas, ya kama da musu. Wani ya ce ƙanwar Uwar Kada ta cikin wasan ce da aka kora daga kogi. Wata daga Zariya ta rantse aljanar rijiya ta bakwai ce, shi ya sa ba ta da suna, don aljani ba a yi masa raɗin suna. Aka yi ta kiran Nasiruddeen, domin shi ne gwanin warware labarin kati. Shi ya fara gano cewa Maƙerin Tsawa makaho ne tun masu wasan ba su faɗa ba.

Rauda ma ta turo nata: "Ka ga Waccan? Ka gano min asalinta. In ka gano, duk ranar auren da kuka sa na yarda."

"Har ta ɗan yi kama da ke, Tauraruwata."

"Ka dai duba da kyau."

Kwana uku yana juya layukan nan a kansa, har ya sa wa wayar wani batirin da ba nata ba. A rana ta huɗu ya ɗauki muryarsa ta minti huɗu ya tura guruf. Ya fara da Sarkin Guguwa, wani tsohon kati, ya kawo hujjojinsa cewa shi ne uban. Sannan ya rufe da cewa:

"Uwa ba ta ƙin kiran sunan ɗiyarta sai in sunan na tuna mata abin kunya. An ɗauke ta an kai ƙauye don a rufe asiri. Ɗigon da ke ƙarƙashin idonta kowa ya gan shi. Wagga ba ɗiyar sunna ba ta, kuma uwar ta sani."

Guruf ya yi ta yabonsa.

A cikin guruf ɗin akwai Gazali, ɗan Kebbe, wanda ya nemi Rauda bara ta ce ya yi haƙuri. Shi kallo ɗaya ya yi wa katin ya gane fuskar. Ya yanke farkon muryar inda aka ambaci Sarkin Guguwa, ya bar sakan ashirin na ƙarshe, ya haɗa da hoton Rauda ya tura wa mutum uku kawai. Kafin Juma'a ta zagayo, matan Kebbe da ba su taɓa jin sunan Rijiya Bakwai ba suna sauraron muryar saurayin Rauda a bakin famfo. Kuma maganar ta sami wurin zama, domin iyayen Rauda daga Fakku suka taso bayan haihuwarta, babu wanda ya ga ɗaurin aurensu a Kebbe, kuma kowa ya san a hannun kakarta ta girma.

Baffa Attahiru ya dawo daga bincike ko babbar rigarsa bai cire ba ya tsaya a gaban teburin gyara. Ya danna wayarsa, muryar Nasiruddeen ta fito.

"Wanga bakin wa na?"

"Baffa, kati nika magana kai, wani zane na cikin waya..."

"Ka aike ni binciken asalin ɗiyar mutane, in tarar kai ad da labarin? Ubanta Malam Na'Allah ya ce in ka sake taka ƙofar gidanai hukuma za ta raba ku. Ni ma ban ga laifinai ba."

Sai a lokacin Nasiruddeen ya buɗe katin ya dube shi kamar yadda ake duban mutum. Ɗigon nan, karkatar wuyan nan, har zanen lallen da ke hannun da ke riƙe da guga, irin wanda Rauda kaɗai ke yi.

Ya kira ta sau goma sha ɗaya. Ya rubuta: "Rauda, wallahi ban san ke ce ba. An yanke maganata. Ki ɗauka ko zagina ne ki yi." Ya sake rubutawa: "Ban ci komai ba tun jiya. Ki ce min wani abu."

Amsa ɗaya ta zo bayan kwana biyu.

"Na ji muryar tun ba a yanke ta ba. Na zana kaina na miƙa maka don ka gane ni, kai kuma ka duba ka ga shegiya. Innata ta daina fita ɗiban ruwa. Kar ka sake kirana."

Ya rufe shago. Abin da ya fi cinsa shi ne yana da abin kare kansa, kuma gaskiya ne: kati ya yi magana a kai, kuma ya sami labarin Gazali ne ya yanke. Amma duk sanda ya jera wannan a ransa sai ya tsaya a wuri ɗaya. An ba shi shirun wata uwa an ce ya fassara, cikin duk fassarar da ke akwai shi ya zaɓi mafi muni, ya kuma ji daɗin yabon da aka yi masa. Wannan ba Gazali ne ya sa masa a baki ba.

Da sassafe ya kama hanyar Fakku. Damina ce, sau biyu yana sauka ya tura babur a cikin laka. Ya sami Dada, kakar Rauda ta wajen uba, tana tsince wake a ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa ya faɗi ko shi wane ne, yana jiran ta kore shi.

Tsohuwar ta dube shi daga laka zuwa hula. "Kai na mai gane asalin aljannu?"

"Ni na, Dada."

"Kai ɗan fari na ga uwarka?"

"A'a, ina da wa."

"To mi uwarku ka kiranai?"

Shekara talatin, Nasiruddeen bai taɓa jin mahaifiyarsa ta kira wansa da sunansa Uthman ba. Ku kai ma wancan tuwo. Wancan ya dawo daga gona?

"Wancan," ya faɗa a hankali.

"To shi ma shege na?" Dada ta ci gaba da tsintar wakenta. "Kunyar ɗan fari ta. Batula na da shekara biyu ɗakin ɗana ta haifi yarinyar ga. Da anka yaye ta nik karɓa, don haka aka yi. Abin da ke gidanku, cikin kunnenka tun kana goye, shi kat tafi nema wurin Sarkin Guguwa."

"Dada, ki taimake ni. In na rasa ta ban san abin da zan zama ba."

"Ni ba ni ka sa ma baƙin suna ba. Tafi inda ka ɓata."

Bai koma Tambuwal ba sai da ya ɗauki sabuwar murya a gindin wata tsamiya, ya faɗi cikakken sunansa da na ubansa. Bai ambaci Gazali ba, bai ce an yanke ba. Ya ce ya yi wa matar kirki ƙazafi da jahilcinsa, ya ce Waccan 'yar fari ce, kunya ce ta hana a kira sunanta, kuma duk wanda ya tura ta farko ya ji tsoron Allah ya tura wannan. Ya sa a guruf. Ya bi tashar 'yan acaɓa ta Kebbe da rumfar mai shayi yana kunna ta da kansa, ana yi masa dariya yana tsaye.

Sai da ya yi sawu uku wurin Baffa Attahiru kafin ya yarda ya raka shi. Bayan La'asar Malam Na'Allah ya karɓe su a zaure, bai ba Nasiruddeen hannu ba.

"Na ji abin da kay yi tasha," in ji shi. "Amma ba ni kaz zaga ba. Uwatta kaz zaga. Mace ta da ba ta taɓa ɗaga murya gidan ga ba. In ta yafe na yafe, in ta ƙi, ku sha ruwa ku kama hanya."

Aka aika ciki. Matan maƙwabta sun riga sun cika tsakar gida, waɗanda suka saurari muryar farko a bakin famfo. Inna Batula ta zo ta tsaya a bayan asabarin ƙofa, ƙafafunta kawai ake gani.

Nasiruddeen ya sa gwiwa a ƙasa. "Inna, ba ni da hujja. Na zo ki yi min duk hukuncin da kinka ga dama."

Da Inna Batula ta yi magana, ba shi ta fuskanta ba. Muryar ta juya wajen matan da ke tsakar gida.

"Shekara ashirin da ukku ban kira sunan ga ba, don haka uwata ta koya min. Yau ku ji da kunnenku. Rauda." Ta maimaita. "Rauda ɗiyata ta. Ni na haife ta ɗakin aurena. Duk cikin ɗiyana babu wadda nika tashi in duba hanya saboda ita sai ita."

Daga can cikin gida aka ji faranti ya faɗi, sannan kukan da ake toshewa da mayafi.

"Kai kuma," in ji Inna Batula, "na yafe. Ba don kai ba. Don ta ƙi cin abinci tun ranar."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Na'Allah. Masu wasan sun riga sun fitar da labarin katin kamar yadda mai zanen ta rubuta shi, guruf ya sake kamawa da musun wa ya fara ganowa. Nasiruddeen bai sa baki ba. Wani abu dabam ke damunsa, har ya kasa riƙewa ya rubuta mata da safen ɗaurin auren:

"Amaryata, laifina ne ya tilasta wa Inna ta karya kunyarta a gaban mutane. Kuma laifin ne ya ba ki abin da kika daɗe kina so ki ji. Ban san ko in yi nadama ko in gode wa Allah ba."

"Ka yi duka biyun, Injiniya. Nadamar taka ce, godiyar tawa."

Da za a fito da amarya, ƙawaye na guɗa, Inna Batula na ɗaki ta ƙi leƙowa kamar yadda uwar 'yar fari ke yi. Sai muryarta aka ji ta taga tana ce wa Dada, "Ku ce ma waccan ta ja mayafinta, akwai iska hanya. Allah shi ba su zaman lafiya."

Wata ƙawa ta taɓa Rauda. "Ji Inna, har ta koma?"

Rauda ta ja mayafin ta rufe fuska, tana dariya hawaye na zuba.

"Ƙyale ta. Na ji sau guda, ya ishe ni."