Kakin Zuma a Rediyon Sharifu

Ran sadakar arba'in ɗin Sharifu, da hantsi, aka fito da kayansa tsakar gida a Dungas don rabon gado. Aka kunna tsohuwar rediyonsa. Ba ta yi magana ba, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar numfashin mai barin duniya. Mata suka ja baya. Laminu, wan mamacin, ya ce ai Ƙande, matar Sharifu, ce ta yi mata wani abu, tunda a ɗakinta take, kuma da ta gama takaba sai ta koma Guci wajen danginta.

Da aka kai ƙara, jandarma ya ce zancen gida ne. Sai aka kira ni, don wa za a kira? Ni Nafi'u ban taka lakwal na yi boko ba, amma yunwa biyu da kwalara sun gwada ni sun bar ni, kuma daga nan har Magarya ba mai buɗe rediyo kamata. Wannan ma ni na tashe ta bara.

Ina cire murfin na gane an taɓa cikinta. A cikin rediyo akwai siririn zaren tagulla da aka naɗe a jikin baƙin sanda, shi ke kamo murya. Nawa aikin, da gashin kaza nake share shi, in narka kakin zuma in rufe shi saboda raɓa. Wanda na tarar ya yi kore, an kankare shi da wuƙa, an shafa masa man gyaɗa kamar ruwan fartanya. Bakin wayoyin ma murɗe su aka yi da yatsa. An musanya ke nan.

Da na tambayi Ƙande, ta amsa mini daga bayan labule. Ta ce tun rasuwar ba ta iya ko kallon rediyon, zane ta lulluɓa mata, kuma ranar uku ta bar ɗakin buɗe ga masu gaisuwa. Da na juya kan Munir, ɗanta mai babur ɗin kabu-kabu, ya yi dariya ya ce, "Baba, ni da nake da dalmar liƙi zan murɗe waya da hannu?" Gaskiyarsa.

Saura mai rediyo irin wannan. Tare Laminu da Sharifu suka sayo nasu, ta Laminu kuwa shekara uku tana bebiya.

Da azahar na same shi a zaure, rediyonsa tana ta zuba labarai garau. Na ce zan duba ta a haske, na ajiye ta cikin rana. Muka zauna. Kafin a tada salla kakin ya yi laushi, ƙamshi ya tashi, ƙudan zuma biyu suka sauka a bayanta.

"Laminu, zuma ba ta bin man gyaɗa," na ce masa.

Ya ce shekara talatin shi da Sharifu tare suke sauraro kowace la'asar, shirun ne ya fi ƙarfinsa, kuma roƙon kayan mamaci kafin arba'in abin kunya ne.

"To, matar ƙaninka fa?"

Ya ɗauko rediyon ya miƙo mini. A gaban dangi na mayar da zaren wurinsa, shi kuma ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Ƙande tana gidanta har yau. Hanyar masallaci ta ƙofarta ta bi, amma Laminu ta bayan rumbuna yake zagayawa, sau biyar a rana.