Rawanin Mamu Gulzar

"Lauya? Yayan nawa za ki kai gaban alƙali?"

"Ammi, ban ce zan kai Mamu Gulzar kotu ba. Cewa na yi zan nemo wanda zai karanta mana takardar."

"Me za a karanta a takardar sulhu? Mijinki ya dangwala, a sha shayi, a watse. Tunda nake a Faisalabad ban taɓa ganin gidan mutunci ya kira mai baƙar kwat ba."

"To hannunsa fa?"

"Hannu na Allah ne." Ammi ta ja mayafinta ta rufe baki, ta sassauta murya, wanda duk unguwa an san ya fi ihunta haɗari. "Ruksana, ranar da kika taka harabar kotu, ban yafe miki nonona ba."

Tun Ruksana tana ƙarama take jin ana yi wa 'ya'yan wasu wannan maganar, ba ta taɓa zaton za ta faɗo a kanta ba.

Kwana goma sha biyu ke nan da motar bulo ta Mamu Gulzar ta kwashe mijinta Tanwir daga kan babur. Tsintsiyar hannunsa na hagu ta karye, na dama kuwa taya ce ta bi ta kan yatsun. Shi kuma Tanwir da yatsu yake ci, don surfanin kayan amare yake yi, irin na zaren zinariya. Likita ya ce in ba a yi masa aiki a Lahore cikin wata guda ba, yatsun za su sandare har abada. Mamu kuwa, wanda ya riƙe Ruksana tun rasuwar mahaifinta har ya aurar da ita, ya aiko da kwalin alewa da takarda mai layi uku. Ranar Juma'a zai zo da dattawa a rufe magana.

Bayan fitar Ammi, Ruksana ta shiga ɗaki. Tanwir na kwance, hannayensa biyu a naɗe kan ƙirjinsa kamar jarirai tagwaye.

"Duk na ji," ya ce. "Ruksi, ki bari a yi sulhun. Ba zan raba ki da mahaifiyarki ba."

"Kana ji ko?" Ba ta taɓa kiran sunansa ba, da haka take kiransa. "In yatsun suka mutu, me za ka yi?"

"Zan yi gadi. Mai gadi ido yake buƙata."

"Kai da kake barci tun kafin a sauke tukunya?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, sai dariyar ta rikiɗe mata kuka. Ta ba shi shayi a baki, har ya zuba masa a wuya.

Washegari da hantsi ta lulluɓe har ido ta nufi kotu, tana waige kamar wadda ta saci tukunyar maƙwabta. Lauyoyi ne jere a rumfunan kwano, kowa da teburinsa da baƙar kwat a cikin wannan zafi. Ba ta yi taku goma ba wani siriri mai jan gashin baki ya sha gabanta.

"Hatsari ne, 'yar'uwa? Na gani a idonki. Ƙafa? Hannu? Hannu ya fi tsoka. Ki sa hannu nan kawai, mai motar sai ya sayar da gidansa, sai ya sayar da haƙoransa, sai ya —"

Ruksana ta ruga da gudu. Ita ba haƙoran Mamu take so ba.

A rumfa ta ƙarshe ta tarar da wata dattijuwa tana cin gurasa da miyar wake a kan tarin takardu. Sunanta Lauya Farwin, kuma magana take yi ɗaya-ɗaya kamar tana awo.

"Zauna. Takardar sulhu ce wannan a hannunki? An dangwala?"

"A'a, Baji," in ji Ruksana, wato Yaya.

"Madalla. Hoton ƙashi? Takardar 'yan sanda? Kawo." Ta goge yatsunta, ta duba, sannan ta karɓi takardar Mamu ta karanta da ƙarfi. "'Na yafe don Allah, ba ni da wani haƙƙi yau ko gobe.' Kin ga inda aka ambaci asibiti?"

"Babu."

"To babu ɗin ke nan. Mai motar wane ne?"

"Kawuna ne. Shi ya raine ni." Ta sunkuyar da kai. "Baji, tsoro nake ji. Mahaifiyata ta ce ba za ta yafe min ba."

Lauya Farwin ta ajiye takardar. "Ni ba na rusa gida in akwai wata hanya. Zan zo ranar Juma'a. Amma ki sani, mutumin nan da rawani zai zo, kuma ba a kansa zai bar shi ba."

Kowa ya san wannan. In babba ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a ƙafarka gaban dattawa, sai dai ka ɗauka ka mayar masa, kuma mayarwar ita ce yafiya. Wanda ya ƙi, har jikokinsa za a riƙa nunawa da baki.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci tsakar gida ta cika. Aka fito da Tanwir kan gadon igiya. Ammi na gefe ta ƙi ko kallon 'yarta. Lauya kuwa shiru, Ruksana ta leƙa ƙofa ya fi sau goma.

Mamu Gulzar ya miƙe da tumbinsa, ya gyara murya irin ta masu wa'azin kasuwa.

"Ɗana Tanwir, ƙaddara ce. Direba bai so ba, ni ban so ba, motar ma ba ta so ba." Ya kai hannu ka, ya sauke farin rawaninsa mai tsayin tuntu, ya ajiye a ƙafar Tanwir. Sanƙonsa ya haska a rana. "Ga mutuncina."

Ammi ta fara shessheka. Tanwir ya dubi matarsa, ya dubi surukarsa, sannan ya yunƙura ya sunkuya. Ya kai naɗaɗɗun hannayensa ya tallabo rawanin, ya zame. Ya sake, ya zame. A karo na uku ya matse da na dama, zafin ya sa ya saki wata ƙara da ta tayar da tattabarun kan katanga. Rawanin ya mirgina cikin ƙasa.

Ruksana ba ta san lokacin da ta fito tsakiyar maza ba. Ta ce, "Mamu, so yake ya ɗauka. Da wane hannun zai ɗauka?"

Ammi ta bar kuka, ta ƙura wa bandejin ido, inda jini ya fara tsattsafowa.

"Salamu alaikum. Hanya ce ta cushe." Lauya Farwin ce, da jakarta a hammata. Ta dubi rawani, ta dubi sanƙo, ta miƙa wa babban dattijon takarda. "Baba, layi uku ce ita ma. Aiki a Lahore, cefanen gidan nan har ya riƙe allura, sannan yafiya. In an sa hannu, babu kotu. In ba a sa ba, Litinin muna can."

"Mace za ta koya mana sulhu?" in ji Mamu.

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "Gulzar, kai ka ajiye, kuma wanda ka ajiye wa kaɗai ke da ikon ɗauka. Rawani zai jira hannu."

"Da sanƙo zan je kasuwa?"

"Sa hannu, Yaya," Ammi ta ce a hankali. "Na ga jinin."

Ya sa. Rawanin kuwa a nan aka bar shi, Ruksana ta kife shi da kwando saboda kaji.

Ranar aikin ta yi awa biyar a bakin ɗakin tiyata tana jan carbi, duk wanda ya fito da farar riga sai ta miƙe tsaye. Ammi ce ta zo ta zauna kusa da ita, ta ja kan Ruksana ta ɗora a kafaɗarta. Mamu kuwa, tunda duk wanda ya gamu da shi a kasuwa sai ya tambayi lafiyar kansa, ya fi kowa matsa wa likita a kan gashin ƙashi da motsa yatsu.

Wata huɗu cur aka yi. Ranar da Tanwir ya zura zare a allura da kansa, aka sake tara dattawa. Ya ɗaga kwando, ya kakkaɓe rawanin da ya koma ruwan ƙasa, ya ɗora wa Mamu a ka da hannayensa biyu. Ya ce, "Na yafe, Mamu." Wannan karon har zuciyarsa.

Dattijon ya juya ga matasan da ke wurin. "Ku koya daga yarinyar nan. Ba ta zagi babba ba, ba ta kuma bar mijinta ya nakasa don kunya ba. Yafiya ba ta hana a biya haƙƙi, kuma kada ku dangwala a takardar da ba a karanta muku ba, ko da ɗan'uwanku ne ya kawo ta."

Ruksana ta ce, "Mamu, ka ga yatsun? Har sun fara surfani."

Mamu Gulzar ya kamo hannun Tanwir, ya jujjuya shi kamar mai tayin akuya, ya gyaɗa kai.

"Ai ya ma fi na da kyau. Da motata ba ta bi ta kai ba, a ina zai samu irin wannan?"