Garwar Madara

Ran Litinin da safe aka buɗe maɗabaʼar jaridar Bwana Lalji a garin Tanga, aka tarar darmar da ta rage ba ta kai ta buga shafi biyu ba. Injin zuba haruffa darma yake narkarwa ya zubo layi-layi, in an gama bugu a sake narkar da ita. Sabuwa kuwa an daina shigo da ita ƙasar. In ta ƙare, jaridar ta mutu.

Kafin azahar an kulle maigadi Shemdoe bisa zargin satar darmar. Abin da ya hana Saja Mhando sukuni shi ne Shemdoe yayan matarsa ne, jibi za a kai shi kotu, matar kuma ta kife tukunya ta ce sai ranar da ya fito. Saja ɗan sanda ne mai tumbi da gyambon ciki, wanda babbar nasararsa a aiki akuya ce da ta dawo gida da kanta.

Lalji ba shi da riba a kashe jaridarsa. Yaran da ke jan takarda a inji kuwa kullum ana lalube su a ƙofa, darma kuma ba ta ɓuya a wando. Shemdoe ya rantse babu abin da ke fita sai mutane da garwar madarar da ake kawo wa masu aikin darma don kare cikinsu.

Washegari Mhando ya zauna a bakin ƙofa, yunwa na cinsa, yana kallon garwar da kwaɗayi. Mai madara ya shiga da ita cike, a hannu ɗaya. Da ya fito da ita, wai babu komai, hannu biyu ya sa yana nishi, tayar kekensa ta lotsa. Mhando ya tare shi ya buɗe garwar, sai ga darma a ciki. Mari bai kai gare shi ba ya ce masunta yake kai wa su nauyaya taru, kuma kyauta ake ba shi. Mai wanke garwar kullum, wanda ba ya barin kowa ya taɓa, Mzee Kihampa ne, dattijon da ke sarrafa injin zuba haruffan.

Mhando ya same shi gaban maɓallan injin.

"Mzee, kyauta fa? Ko ɓarawo ai yana da tsari."

Tsohon ya ɗago hannuwansa. Sun lanƙwashe daga wuyan hannu, yatsun na rawa.

"Darma ta cinye su, ɗana. Layi ɗaya sai na zuba sau uku. Na fi so a ce darma ce ta ƙare, kada a ce Kihampa ne."

"Shemdoe fa?"

"Shi ya hana ni barci."

Mhando ya zaro ankwa, ya dubi hannuwan nan, ya mayar da ita aljihu. Yau dai za a ɗora tukunya a gidansa, sai ya ji yunwar ta tafi.

"Tashi mu je, Mzee."

"Dakata in kashe wa injin wuta," in ji tsohon. Ya lalubi makunnin sau biyu bai kama ba. Mhando ya kashe masa.