Tanderun Yaya Araba

"Sai yaushe, Kukuwa? Sai na yi furfura?"

A ƙofar coci Ebo ya tare ni da wannan tambaya, ranar Juma'ar gicciye, kowa sanye da baƙaƙen kaya. Magini ne, ya samu aiki a Takoradi, bayan Ista zai koma can, kuma yana so in bi shi a matsayin matarsa.

"Ka san ba zan bar yaran nan ba, Ebo."

"Wa ya ce ki bar su? Ai da su nake son ki!"

"Efuwa ta rantse ba za ta bar Cape Coast ba. Ta ce nan mamanta take... In ɗaure ta a mota kamar akuya?"

Ina son mutumin nan kamar raina, amma tun da yayata Araba ta rasu bara, 'ya'yanta biyu suka dawo hannuna. Ubansu teku ta ci shi tun ƙaraminsu Ato yana goye. A wajenmu kuwa ɗan 'yar'uwarki ɗanki ne, babu wani kewaye-kewaye.

Efuwa shekararta takwas, ga taurin kai irin na uwarta. Kullum tana zaune jikin tanderun ƙasa da Yaya Araba take gasa burodin sayarwa, wanda ba a sake hura masa wuta ba tun rasuwarta. Ko ƙanenta Ato ya taɓa murfin, sai ta kai masa duka.

Ranar Asabar Ato ya ja zanena. "Mama Ƙarama, bana ba za a yi burodin kabari ba?"

Duk Ista Yaya Araba takan yi musu shi. Na dubi Efuwa, na ga ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta.

"Tanderun ya tsage ta baya," in ji ta can ƙasa-ƙasa. "Zafi zai gudu."

Ban san Ato ya kai labari ba sai da na ga Ebo da yamma, da bokitin yumɓu a hannu. Bai kalle ni ba ma. Gaban Efuwa ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, mai tanderu, a ba ni izinin gyara?"

Ta daɗe tana hararar sa kafin ta ce, "Kada ka taɓa murfin."

Safiyar Lahadi, kafin coci, na fito da kwaɓin fulawa da ya kumbura. Ebo ya zo da farar rigarsa, wai ya zo duba aikinsa ne. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma na bar shi ya zauna.

Na ba kowa farar alewar nan mai laushi kamar auduga.

"Wannan fa, Ato?"

"Yesu ne! Fari ne don ba shi da zunubi!"

Muka tsoma ta cikin narkakken bota, muka birgima ta cikin garin gyaɗar ƙamshi. Na ce, "Haka aka shafe jikinsa da kayan ƙamshi bayan an sauko da shi daga kan gicciye. Saboda laifinmu ya mutu, ba nasa ba."

Kowa ya naɗe alewarsa cikin fulawa ya liƙe bakin, kabari ke nan. Efuwa da hannunta ta rufe tanderun, ta jingina dutse a murfin, kamar yadda uwarta take yi.

Da aka buɗe, ƙamshi ya cika gidan. Wallahi sai na ji kamar Yaya Araba za ta leƙo daga ɗaki ta ce mun cika wuta. Na juya baya na share hawaye.

Ato ne ya fara ihu. "Ku ga na Kawu Ebo! Kabarinsa ya yi yoyo!"

Gaskiya ne, bai liƙe da kyau ba, alewar ta tsiyaye ta ƙone.

"Kai da kake gina wa mutane gidaje?" na ce. "Allah ya jiƙan masu haya!"

Efuwa ta tuntsire da dariya. Rabona da jin dariyar yarinyar nan tun kafin jana'iza.

Ta ɗauki nata ta ɓare. Ciki wayam, babu alewa, sai rami.

"Ba ya nan, ya tashi!" Ato ya faɗa yana tsalle.

Ita kuwa ta zuba wa ramin ido. "Mama Ƙarama... alewar ina ta tafi?"

"Ɗanɗana ki ji."

Ta gutsura, tana taunawa a hankali. "Akwai zaƙi... ko'ina."

"To kin gani. Ba ta ɓace ba, idonki ne ba ya ganin ta. Kabari bai iya riƙe Yesu ba, kuma ya yi alkawari ba zai bar nasa a can ba. Mamanki tasa ce, Efuwa. Tana wurinsa."

"Ke nan ba a jikin tanderun nan take ba?"

"A'a, 'yata."

Ta faɗa jikina tana kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Ebo ya miƙe a hankali zai ba mu wuri, har ya kai ƙofa.

"Kawu Ebo!"

Ya tsaya cak. Ta tafi wurinsa da rabin burodinta, hancinta duk majina, ta miƙa masa.

"Naka ya ƙone, ci nawa." Ta ja numfashi. "A Takoradi akwai yumɓu?"

Ya karɓi burodin ya ce, "Akwai, ranki ya daɗe."

"To ka gina mana irin wannan. Amma ni zan tafi da murfin."

Ebo ya ɗago ya dube ni ta saman kanta, idanunsa jawur.

"Kukuwa, masoyiyata... yanzu fa, sai yaushe?"

Ƙararrawar coci ta fara bugawa. Na karkaɗe masa fulawar da ta ɓata kafaɗarsa, na ce, "Ka turo manyanka gobe, tun kafin mai tanderu ta sake shawara."