Tsagar Bangon Inna Zulai

"Ke Rumaisa! Kunun ga ya huce tun ɗazu, ke kina nan duƙe bisa littahi kamar mai rubutun sha!"

"Umma logbuk ne fa, littafin rahoton aiki! Yau Madam za ta sa hannu, in ta ga layi ɗaya babu rubutu na shiga uku."

Umma Hauwa ta taɓe baki ta ci gaba da tsince wakenta. Wata huɗu ke nan da Rumaisa, 'yar aji uku a jami'a, ta fara aikin sanin makama a wani ƙaramin kamfanin gyaran gidaje da ƙawata ɗakuna a nan Kalgo, ƙarƙashin Madam Blessing, injiniya 'yar Zuru wadda ba ta san wasa ba. Tun daga lokacin babu bangon da ya huta a gidan. Ta ƙwanƙwasa wannan, ta kara kunne a wancan, ta ce labulen falo bai dace da kujeru ba. Yarinya ce mai ido, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Amma baki! Bakin Rumaisa ya fi hankalinta sauri, in magana ta taso mata sai ta fito, ko wa za ta buge.

Wayarta ta yi ƙara. Shamsuddeen ne, malamin makaranta a Gwandu, wanda suka shekara biyu suna son juna, saura sati uku a kai sadaki a sa rana. Bidiyo ya turo, da saƙo a ƙasa: "Gimbiya, ga ɗakin Inna da aka gyara saboda baƙin biki. Zaɓa mana kalar fenti, tunda ke ce mai dizain."

Ta buɗe tana murmushi. Ɗakin ƙasa ne tsoho mai rufin azara, an yaɓe shi da siminti ciki da waje, sumul. Sai murmushin ya ɗauke. Ta mayar da bidiyon baya, ta tsayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Daga kusurwar ƙofa wata tsaga ta tashi a karkace har rufi. Gindin bangon ya yi duhu da laima. Can a bayan bidiyon kuma ana jin muryar tsohuwa tana cewa ƙyauren ga ya ƙi rufuwa tun shekaranjiya.

Ta ƙura wa tsagar ido. Satin da ya wuce su Madam suka rushe irin wannan bangon a wani gida.

Da ta tsaya ta sha kununta, da an zauna lafiya. Ina! Ta danna wurin ɗaukar murya:

"Shamsu, wane fenti? Wai wane jahili ne ya yaɓa siminti a kan ginin ƙasa? Bango ba ya numfashi, ruwa ya taru a ciki, yana ruɓewa! Wannan ba gyara ba ne, kabari ya gina wa Inna! Ku fitar da ita yau ɗin nan!"

Ta tura. Abin da ba ta sani ba, Shamsuddeen yana zaune ne a tsakar gidansu, kuma don zumuɗi ya ce kowa ya yi shiru ya ji kalar da amarya ta zaɓa. Ya ƙure sifika. Ga Inna Zulai mahaifiyarsa a kan tabarma. Ga kuma Yaya Ashiru, babban wansa, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, wanda ya sayar da bijiminsa ya sayi simintin, ya kuma tsaya a rana kwana shida yana miƙa wa magina kwano.

Minti biyar ba a yi ba kira ya shigo.

"Rumaisa me kika yi haka?" In ji Shamsuddeen. "Kin san wa kika kira jahili? Yaya! A gaban Inna!"

"Innalillahi... Shamsu sori, ban sani ba wallahi! Amma bangon..."

"Bar maganar bango! Ya ce in dai shi ne waliyyina, ƙafarsa ba ta takawa Kalgo da sadaki."

Ya kashe.

A wurin aiki ranar ta auna taga ɗaya sau uku, kowane awo daban. Madam Blessing ta fizge tef ɗin awon daga hannunta.

"Ke! Jikinki na nan, kanki na ina?"

Rumaisa ta fashe da kuka, ta miƙa mata wayar. Madam ta kalli bidiyon sau biyu, ta saurari saƙon sau ɗaya, ta cire tabarau.

"Idonki ya ci jarrabawa," ta ce. "Bakinki ya faɗi warwas. Shekarata goma sha biyar a aikin nan, ban taɓa ganin wanda aka zaga ya yarda da gaskiya ba. Gidan mutum ba bulo ba ne kawai, yarinya, mutuncinsa ne."

"To Madam in yi shiru ɗaki ya faɗa mata?"

"Wa ya ce ki yi shiru? Me na koya miki a kan tsaga? Ta yaya ake sanin mai tafiya da wadda ta tsaya?"

Rumaisa ta share hawaye. "A kwaɓa garin POP, farin garin nan na silin, a manna a kan tsagar kamar faci. In ya bushe ya tsage, bango yana motsi."

"To ki daina gardama da mutane. Bar bangon ya faɗa musu da kansa." Ta ɗebi garin a leda ta ƙulle ta ba ta.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar sakaliya, mota ta tsaya a ƙofar gidan Malam Isa mahaifin Rumaisa. Yaya Ashiru ne, Shamsuddeen na biye da shi kai a ƙasa. Aka yi musu shimfiɗa a zaure, aka kira Rumaisa. Ta shigo cikin hijabi har ƙasa, ta durƙusa nesa, ledar na damƙe a hannunta.

Ashiru bai ko kalle ta ba.

"Malam, don girmanka na zo. Mu ba masu boko ba ne, awo, mun sani. Amma ɗakin ga tsohonmu ya gina shi da hannunai, cikinai anka haihe mu duka. Ɗiyar da ba ta shigo gida ba tukun ta kira ni jahili, ta ce na gina ma uwata kabari. In ta shigo mi za ta kira ni?"

Malam Isa ya juyo, idonsa jawur. "Kin jiya? Ba shi haƙuri!"

"Yaya ka yi haƙuri," ta ce. "Na yi rashin kunya, na yi rashin tarbiyya. Kai ba jahili ba ne, don ƙaunar Inna ka yi. Ka yafe mini don Allah."

Ashiru ya ɗan sassauta. "Na ji. Saura guda. Maganarki ta zaga dangi, har Dodoru ana ta faɗin Ashiru zai kashe uwatai. Ki ɗauki wayar ga ki sake yin wata murya, ki ce kuskure kinka yi, ɗaki lahiya lau yake. Shi ke nan, sati mai zuwa in kawo sadaki da kaina."

Shamsuddeen ya ɗago ya kalle ta, kallon roƙo. Magana ɗaya ce fa, ba ta kai numfashi biyu ba! Ta faɗe ta, aure ya tabbata. Rumaisa ta buɗe baki, sai muryar tsohuwar nan ta dawo mata a kunne, ƙyaure ya ƙi rufuwa.

"Yaya... zagin na janye shi. Amma wannan ba zan iya faɗa ba. Ɗakin ba lafiya yake ba."

"Rumaisa!" Malam Isa ya daka tsawa.

"Baba ka gafarce ni. In na faɗa, Inna ta ci gaba da kwana a ciki, ga damina..." Ta tura ledar gabanta a hankali. "Kada ku yarda da ni. A kwaɓa wannan a manna a kan tsagar wuri uku. In ya yi kwana goma bai tsage ba, na rantse zan zo har Gwandu in durƙusa gaban dangi in ce ƙarya na yi."

Ashiru ya miƙe, ya sa ƙafa ya shure ledar ta bugi bango.

"Gari za ki ba ni kamar boka? Tashi mu tahi, Shamsu! Mata ba su ƙare ba."

Shamsuddeen ya tsaya kamar an dasa shi. Sai da Ashiru ya fita, ya sunkuya ya ɗauki ledar ya jefa a aljihu, ya bi bayansa.

Kwanakin da suka biyo baya, Allah kada ya maimaita. Malam Isa ya daina amsa gaisuwarta. Umma kuwa kullum da abin da za ta ce.

"Ke dai kin ja ma kanki! Wa ya aike ki? Ɗiyan mutane na karatu su yi aure, ke kin yi karatu kin kashe naki. Da kin ce lahiya lau, daga baya a lallaɓa tsohuwar ta canza ɗaki, mi zai ragu gare ki?"

"Umma in ba a kai daga bayan ba fa?"

Umma ta juya tana goge ido da bakin zane.

Saƙo ɗaya tak ya zo daga Shamsuddeen: "Yaya ya hana a taɓa bangon. Gobe masu silin za su zo su rufe azarar rufin. Ki yi mini addu'a, ban fasa ba." Daga nan ɗif. Sau nawa ta rubuta masa magana mai zafi, ta ce shi matsoraci ne, sai ta tuna abin da yatsanta ya jawo mata, ta goge. Duk sanda hadari ya haɗo daga gabas sai ta tuna da ɗakin Inna. Tana wurin aiki tana riƙe da tef, idonta na sama. An yi ruwa ranar Talata, an yi na Alhamis kamar da bakin ƙwarya, ita kuwa ta rame har Madam ta fara kawo mata abinci daga gida.

Ranar kwana na tara, da hantsi, tana shara a tsakar gida aka yi sallama. Wata tsohuwa ce doguwa siririya, da carbi a hannu. Umma ta saki muciya.

"Lale! Inna Zulai? Ke da kanki?"

Uwar miji a gidan yarinyar da ba a ko sa wa rana ba! Rumaisa ta yar da tsintsiya za ta gudu ɗaki don kunya.

"Dawo nan, ɗiyata," tsohuwar ta ce.

Ta dawo ta durƙusa. Inna Zulai ta zauna, ta kwance bakin zanenta a hankali, ta zube abin da ke ciki a kan tabarma. Fararen ɓaraguzai ne guda shida, faci uku, kowanne ya rabe biyu.

"Shamsu ya ba ni garin a ɓoye. Ni na kwaɓa, ni na manna da hannuna bayan labule. Ni da na shekara arba'in ina yaɓe da daɓe, za a koya man kwaɓa? Na kori masu silin, na ce kaina ka ciwo. Kullum in na idar da salla sai in duba. Jiya na iske su haka." Ta numfasa. "Na kira Ashiru na ce ya ɗauko guduma ya fasa simintin da hannunai. Ya buga sau guda, ƙasa ta zubo kamar kunu. Azara biyu gara ta cinye su, rufin bisa ikon Allah kawai yake tsaye. Bisa kan gadona, Hauwa. Daidai inda nike aza kai."

Umma ta dafe ƙirji tana salati. Rumaisa kuwa kuka ya ƙwace mata.

"Inna kin fita dai? Kin kwashe kayanki?"

"Dubi, ita ta kaina take yi," Inna ta ce da Umma. Sannan ta kamo haɓar yarinyar. "Na ji zagin da kinka yi, ya yi man zahi, ɗana ne. Bakin ga naki sai an sa mai linzami. Amma an aza miki aure a hannu guda, raina a guda, kinka zaɓi raina. Ashiru! Shigo mana, ko sai an kai maka doki?"

Ashe suna zaure tare da Malam Isa. Ashiru ya shigo yana murza hula, ya tsaya ya rasa inda zai sa ido. Shamsuddeen na bayansa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Ƙanwata," Ashiru ya ce da ƙyar, "na shure gaskiya da ƙahwata. Ki yahe man." Ya yi gyaran murya. "To... ɗakin, rushe shi za a yi?"

Da Rumaisar da ce, da ta ce ai na faɗa. Wannan sai ta sunkuyar da kai.

"A'a Yaya, ɗakin Baba ne, ba za a rushe ba. A tokare rufin, a sauya azara, a ɗaye simintin, a gyara gindin, a yi masa yaɓen ƙasa irin na da. Zan roƙi Madam ta zo ta duba. Amma kai za ka tsaya a kan aikin, ka fi kowa sanin ɗakin."

Ashiru ya kalli ƙaninsa. "Kai kuma kana tsaye kana washe baki! Jumma'a za mu kawo sadaki."

Haka aka yi. Ranar biki baƙi suka bar falon amarya da silin ɗinsa da fitilunsa, suka cika ɗakin Inna mai sanyi da jan yaɓe, suna tambayar wa ya tsara shi.

'Yan mata, ku ji da kyau. Ilimin da kuka samo ba bulala ba ne, in kuka doki mutum da shi ba zai ga gaskiyar da ke ciki ba, zafin kawai zai ji. Ku tausasa harshe. Amma in an ce ku sayi farin cikinku da ƙaryar da za ta cuci wani, ku ƙi, ku yi haƙuri ku jira Allah. Rumaisa ta jira kwana tara. Ɓaraguzan nan shida suna nan har yau cikin wani ɗan kwano a kan madubinta, in magana mai zafi ta taso mata, su take fara kallo.